Daga katin rigakafi zuwa maɗaba'a: yadda na mai da zamana da karnuka littafi

Wanda ya tashi da karnuka tun yana yaro har furfura ta cim masa, idan ya ce zai rubuta tarihin zamansa da su, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya zauna ya zuba duk abin da ya tuna. Shawarata ita ce ya dakata tukuna. Rubutun ne kaɗai yake hannunsa kacokan. Takardu da shaidu da izini da gyara duk suna hannun wasu, kuma su ne masu cin lokaci da kuɗi. Zan jero matakan yadda suka zo mini, har da wuraren da na sha jira.

Na fara da tattara duk wata takarda mai ɗauke da sunan kare ko kwanan wata: katunan rigakafi, rasiɗan magani, hotuna, da wasiƙun da aka ambaci kare a ciki ko da a layi ɗaya ne. Sai na zana jadawali, kowane kare da layinsa, na sa suna, shekarar zuwa, shekarar rabuwa, gidan da muke zaune a lokacin, mutanen da ke gidan, da gurbi na ƙarshe da na rubuta wa "wa ya faɗa?" a kai. Wannan gurbin ne ya fi yi mini amfani daga baya, domin da shi nake bambance abin da takarda ta tabbatar da abin da aka ji a baki. A cikin takardun kuwa katin rigakafi ne kan gaba. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 2 zuwa 4 har ya kai kimanin mako 16, ta ciwon haukan kare kuma daga mako 12 ake fara ta. Saboda haka in ka ga jerin allurai kusa da kusa a farkon kati, ka koma baya wata biyu daga ta farkon, ka kusa samun watan haihuwa. Inda babu kati, hoto yana taimakawa. Kwikwiyo ba ya buɗe ido sai ya yi kwana 10 zuwa 14, haƙoran nononsa guda 28 suna fara zuba wajen wata huɗu, na girma guda 42 kuma suna cika wajen wata bakwai. Tsofaffin hotunan da aka wanke a shago wasu suna da wata da shekara a bayansu, a juya a duba. Na waya da na kamarar zamani suna ɗauke da kwanan wata a cikin fayil ɗin, amma da zarar hoto ya bi ta WhatsApp ko Facebook wannan bayanin ya goge, don haka ainihin fayil ɗin za ka roƙa daga wanda ya ɗauka.

Da jadawalin ya cika sai siffar littafin ta bayyana da kanta. Matsakaicin kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, ƙananan jinsi su zarce haka, manya-manyan kuma da yawa ba sa kai goma. Ke nan rayuwar mutum mai shekara sittin takan rabu gida biyar ko shida, kowane gida da karensa: na yarinta, na samartaka, na lokacin da yara suke ƙanana, na lokacin da gida ya watse. Karnukan sun zama kalandar rayuwar mai su, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga nan na shiga neman fayil a asibitocin dabbobi, kuma a nan ne na fi shan jira. Babu asibitin da ya ba ni komai a kan magana ta baki. Sun nemi buƙata a rubuce, da katin shaidata, da sunan karen, da lambar 'yar na'urar shaidar da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata in yana da ita, wadda yawanci lambobi 15 ce. Abin da ya fi kawo cikas shi ne, ana buɗe fayil da sunan mai kare ne, ba da sunan karen ba. Karen da ka ɗauka naka ne tun kana yaro, a takarda na mahaifinka ne, kuma asibiti ba zai miƙa fayil ɗin wani ga wani ba sai da yardar mai sunan ko magajinsa. Ka je da wasiƙar amincewa tun zuwan farko, ka huta da dawowa. Asibitin da ke aiki da kwamfuta ya turo nasa cikin 'yan kwanaki. Wanda takardunsa ke jibge a sito ya ɗauki makonni, kuma sai da na biya kuɗin nema da na kwafi. Wani asibitin ya rufe, an mai da fayilolinsa hannun wanda ya saye shi, sai da na bi sawu. Na karnukan yarinta kuwa an daɗe da lalata su, domin asibitoci ba sa ajiye fayil har abada bayan dabba ta mutu. Wanda yake da kare mai rai yanzu, ko wanda nasa bai daɗe da mutuwa ba, ya nemi kwafi tun yau ko da bai yanke shawarar rubuta komai ba.

Samun fayil ɗin daban, iya karanta shi daban. Rubutun likita ne, cike da gajerun haruffa da sunayen magunguna. Na kama lokaci na musamman da wata likitar dabbobi, na biya kamar yadda ake biyan ganin likita, muka bi shafi bayan shafi tana fassarawa ina rubutawa a gefe. Ina gargaɗin mai bin wannan hanya cewa shafukan ƙarshe suna da nauyi a zuciya. Babu wata kalmar tausayi a ciki, sai jerin awon nauyin karen yana raguwa daga wannan zuwa wancan, sannan layi ɗaya na ranar ƙarshe. Kada ka sa wannan zaman a ranar da kake da wani aiki bayansa.

Mataki na uku shi ne hira da dangi da tsofaffin maƙwabta. Na fara da mafi tsufa, saboda dalilin da kowa ya sani. Kowa na zauna da shi shi kaɗai, don in aka haɗa mutum biyu, mai ƙarfin murya ne yake shimfiɗa labarinsa ɗayan ya bi da "haka ne". Kafin in kunna na'urar ɗaukar murya nakan faɗi abin da zan yi da maganar, in sa mutum ya furta yardarsa a cikin faifan. Tambayar "Gwaggo, me kika tuna game da karen nan?" ba ta fitar da komai sai yabo. Wadda take aiki ita ce ƙaramar tambaya: ina yake kwana, wa yake ba shi abinci, wa yake yi wa haushi, wa ya haƙa ramin da aka binne shi. Hotuna kuma sai a ƙarshe nake fito da su, domin da mutum ya ga hoto, hoton yake bayyanawa, ya bar abin da ke kansa. A yi tanadin lokacin mai da murya rubutu: hirar awa ɗaya takan ci wajen awa huɗu a kwafe ta da hannu.

A wajen hirar ne aka samu saɓani mafi girma. Gida kaf sun haƙiƙance cewa wata karya da muka yi a farkon shekarun 1980 guba wani maƙwabci ya sa mata. Na kai wa likitar abin da kowa ya bayyana: kwikwiya ce 'yar wata huɗu, ba ta yi rigakafi ba, ta daina ci, ta yi ta amai, sai zawo mai jini da wari, ta mutu cikin 'yan kwanaki, kuma wasu 'yan kwikwiyon layin sun bi ta. Likitar ta ce ba za ta yanke hukunci a kan gawar da ba ta gani ba, amma wannan siffa ta fi kama da cutar farbo, wadda ta ɓulla a 1978 ta bazu a duniya cikin ƙanƙanen lokaci, take kuma fi kama kwikwiyo tsakanin mako shida da wata shida. Ƙwayar cutar tana iya yin watanni a ƙasa, tana bin takalmi da kwanon abinci, shi ya sa take share layi guda. A littafin na rubuta duka biyun: abin da gida ya yi imani da shi, da abin da likita ta ce ya fi yiwuwa. Shekarun da gidaje biyu suka yi ba sa gaisawa a kan zato sun fi mutuwar karyar zama labari.

Sai da waɗannan suka kammala na zauna rubutu. Na bi tsarin da ya fi sauƙi, kowane kare da babinsa. Tsarin ba sabo ba ne, Elizabeth von Arnim ta gina tarihin rayuwarta a kan karnukanta goma sha huɗu a littafin da ta fitar a 1936. Na kai daftarin tsawon da aka saba ga irin wannan littafi, tsakanin kalmomi 60,000 da 80,000, na ajiye shi ya huce na wani lokaci, sannan na tura wa editar tsari. Gyara hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da kuɗinsa: akwai mai duba ginin littafin gaba ɗaya, akwai mai bin jimla da jimla, akwai mai farautar kuskuren rubutu da saɓanin suna da kwanan wata, sai mai duba shafukan da aka riga aka tsara. Yawancinsu da yawan kalmomi suke yanka farashi, don haka duk abin da ka san za ka cire, ka cire shi kafin ka tura. Hawa na farko, wato na editar tsari, shi ne mafi tsada, kuma sai da na jira layi kafin ta karɓa.

Rahotonta ya tsaya a kan abu ɗaya. Ta ce, "Malam, kowane babi da kwikwiyo yake buɗewa, da kabari yake rufewa. Kafin a kai na uku mai karatu ya gane lissafin, ya daina barin kansa ya so karen." Wannan ita ce matsalar da kowane mai irin wannan littafi zai ci karo da ita, tunda duk karnukan da ke ciki sun mutu ko za su mutu. Gyaran da muka yi ya ci watanni. Mun bar mutuwa biyu kacal aka ba da su dalla-dalla, sauran aka wuce su da layi ɗaya ko biyu, wata ma a tsakiyar babin wani karen aka ambace ta. Mun daina yanka babi a kan ranar mutuwar kare, muka koma yankawa a kan sauyin rayuwar mutane, kamar tashi daga gida, aure, rashi ko ritaya, ta yadda tsohon kare da sabo suke haɗuwa a babi guda kamar yadda suka haɗu a tsakar gida. Ta kuma sa na ja layi a ƙarƙashin kowane wuri da na rubuta "mai aminci" ko "mai wayo", in maye gurbinsa da abin da karen ya yi. Kowa karensa mai aminci ne. Wanda yake kwanciya a bakin ƙofar ɗakin mara lafiya ya ƙi tashi ko an kira shi cin abinci, shi ne mai karatu zai tuna. A ganina wannan gyaran kaɗai ya biya kuɗin edita.

Daga hannunta daftarin ya koma wa likitar dabbobi, wannan karon don ta karanta duk inda aka yi maganar jiki ko hali ko magani. Ta tsaya a wuraren da na ce kare ya san ya yi laifi saboda ya sunkuyar da kai ya maƙale wutsiya. Ta nuna mini gwajin da Alexandra Horowitz ta wallafa a 2009, inda aka ga karnuka suna yin wannan kallon ne idan mai su ya yi musu faɗa, ko sun ci abin da aka hana su ko ba su ci ba. Ba ta ce in goge ba, ta ce in rubuta cewa ni ne na karanta laifi a fuskarsa. Ta gyara inda aka ce kare baƙi da fari kawai yake gani, domin yana ganin shuɗi da rawaya, ja da kore ne suke rikice masa. Ta soke lissafin nan na shekarar kare ɗaya daidai da bakwai ta mutum, tunda kare ɗan shekara ɗaya ya riga ya isa haihuwa. Ta kama wani wuri da lissafin cikin karya ya kai wata huɗu, alhali kimanin kwana 63 ne. Inda ta fi tsanantawa shi ne maganin gida. Duk inda labari ya nuna an shafa wa kare baƙin mai don ƙazuwa, ko an ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, ko an jefa masa cakulan, inabi ko albasa, ta ce dole rubutun ya nuna a wurin cewa abin yana cutarwa, domin mai karatu yakan ɗauki abin da marubuci ya yi ya wuce lafiya a matsayin shawara. Babin allurar hutu ma, wato allurar da likita ke yi wa kare don ya mutu ba tare da wahala ba, ta daidaita shi: ana sa hannu a takardar amincewa, yawanci a fara da allurar kwantarwa, sannan ta biyun a jijiya, idon karen yakan kasance a buɗe, wani lokaci jiki ya ja numfashi ko ya motsa bayan zuciya ta tsaya. Wanda bai san haka ba yakan ɗauka karen ya sha wahala, ya rubuta haka, ya tsorata masu karatun da wannan rana take jiransu.

Sai lauya. Kare ba ya kai ƙara, amma maƙwabci da tsohuwar mata da likitan da kake ganin ya yi sakaci duk suna iya kaiwa. Lauyan ya bi daftarin yana neman duk wanda za a iya gane shi kuma aka jingina masa laifi. Ya ce sauya suna kawai ba ya wadatarwa in sana'a da unguwa da shekara suna nuna mutumin, sai an sauya su ma, a kuma sa sanarwa a farkon littafi cewa an sauya wasu sunaye da siffofi. Ya ja hankalina kan hirarrakin da na sa cikin alamar zance alhali an yi su shekara arba'in da suka wuce, ya ce ko dai in mai da su bayani, ko in faɗa wa mai karatu cewa daga tuni aka sake gina su. Masu bin diddigi suna nan. Littafin da John Steinbeck ya fitar a 1962 kan zagayen Amurka da karensa Charley, bayan kusan shekara hamsin wani ɗan jarida ya bi sawun tafiyar ya nuna cewa wasu sassa ba haka suka faru ba.

Izini ne ya fi komai jan ƙafa. Hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda yake riƙe da shi a akwati ba, kuma ba na wanda ke ciki ba. Wasiƙa takardarta taka ce, amma kalmomin na wanda ya rubuto ne. A ƙasashe da dama haƙƙin mallaka yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ke nan magada za ka nema. Na shirya takarda mai shafi ɗaya da ta faɗi hoton, da littafin, da nau'o'in bugun da za a yi, da harsuna da ƙasashe, kowa ya sa hannu da kwanan wata. Dangi sun sa nan take. Wani shagon ɗaukar hoto da ya daɗe da rufewa kuwa ban samu magajin mai shi ba, hoton ya fita daga littafin. Baitin waƙa biyu da na so in buɗe wani babi da su, masu haƙƙin sun yi watanni kafin su amsa, kuɗin da suka yanka kuma ya sa na haƙura. Wasiƙun neman izini ya kamata su fita tun ranar da aka gama daftarin farko, su yi ta tafiya yayin da ake gyara.

A yarjejeniyar kamfanin ɗab'i na duba abu huɗu da idon basira: kafin alƙalami da lokutan biyansa, ko kason marubuci daga farashin bango ake lissafa shi ko daga abin da ya shigo hannun kamfani bayan rangwame, wa zai biya kuɗin izinin hotuna, da sharaɗin dawowar haƙƙi hannuna in littafin ya ƙare a kasuwa ba a sake bugawa ba. Na ukun yawanci a kan marubuci yake faɗawa in bai yi magana ba. Kamfanin ne ya nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai lambobi 13 tun daga 2007, kuma kowane nau'i da tasa: mai bango mai tauri, mai laushi, na karantawa a waya, na saurare. Wanda zai buga da kansa, daga hukumar da ke ba da lambar a ƙasarsa zai nema, ya kuma tambayi adadin kwafin da doka ta ce a kai babban ɗakin karatu na ƙasa.

Hotuna sun sake dawo da ni baya. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga, don haka ƙaramin tsohon hoto da za a faɗaɗa sai a ɗauke shi a na'urar sikanin hoto da ɗigo 600 ko fiye. Baƙin kare shi ne ciwon kan mai bugu, a takarda mara ƙyalli yakan zama dunƙulen tawada babu ido babu hanci. Na nemi a buga gwajin waɗannan shafuka a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, aka ƙara haske a inuwar fuskar kafin a wuce. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi 16 ko 32, hotunan da aka ware a takarda mai ƙyalli kuma sukan zo 8 ko 16, saboda haka ƙarin hoto ɗaya tak yana iya jawo kuɗin shafi takwas.

Da shafukan gwaji suka iso an ba ni ɗan gajeren wa'adi, aka kuma gaya mini cewa gyaran da ya wuce kuskuren bugu ni zan biya, domin ƙara jimla ɗaya yana iya ture layuka har ƙarshen babi. Na raba karatun gida biyu. Na farko na bi rubutun da ƙarfi, a bayyane, don kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Na biyu na ajiye jadawalin nan na farko a gefe, ina duba kowane suna da shekara da launin gashi da rubutun ƙarƙashin hoto. A nan aka kama hotuna biyu da aka musanya wa suna, na uwa da na 'yarta, waɗanda babu wanda zai iya bambance su a maɗaba'a in ba wanda ya zauna da su ba. Bayan littafin ya fito na buɗe fayil na gyare-gyaren bugu na biyu, domin dangi suna fara karantawa waya take fara shigowa, kuma duk gyaran da ya zo da hoto ko takarda a bayansa nakan shigar da shi a jadawalin tare da sunan wanda ya faɗa.